Dankali Sha Kushe: Darasin da Gwangwani Ya Kawo wa Dakoro

Da la'asar sakaliya a bakin tashar Dakoro, in sanyin hunturu ya fara saukowa, ƙanshin da ke fara tarbar baƙo shi ne na kaskon mai tuya. Ta fere dankali, ta tsaga shi dogo-dogo, ta zuba a tafasasshen mai. Yaro ya miƙo dala ashirin ya ce, "Inna, a sa mini yaji." Ta kwaso masa ƴan tsagi a takarda, ya koma gefe yana hurawa yana ci. Da za ka roƙe shi ɗaya ka karya, abin da za ka gani a ciki fari ne fat, ko fari mai ɗan ratsin rawaya. Dankalin da muka buɗe ido muka gani ke nan, wanda Hausawa suka yi wa kirari da sha kushe. Ana cinsa ana raina shi, a ce abincin yara ne, a ce yana kumbura ciki, a ce ba ya riƙe mutum kamar tuwon gero.

A kantunan Amurka kuwa, wannan dankalin ne dai ake jerawa cikin gwangwani, ya yi shekara biyu, uku, bai lalace ba. In aka buɗe murfin, launin da ke ciki ruwan goro ne, kamar cikin nunannen mangwaro. Mai neman irin wannan gwangwani a kasuwar Dakoro zai sha yawo. Tumatirin gwangwani na nan, madara na nan, kifin sardin na nan, amma dankalin gwangwani ba kayan ɗan tebur ba ne a wannan ƙasa. Duk da haka ya cancanci a buɗe shi a duba, domin abu biyun da ke cikinsa, launi da ajiya, su ne daidai abu biyun da dankalinmu ya rasa, kuma rashinsu yana taɓa idon ƴaƴanmu da lafiyarsu.

Dundumi da abin da tsofaffi suka sani

Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, bayan an wuce Sabon Mashi da Kornaka. Gunduma ce da ke tsaye a kan iyaka: kudu gonakin gero da wake, arewa kuma, daga wajejen Kwarin Tarka, ƙasar makiyaya, kamar yadda dokar 1961 ta shata iyakar noma. Ruwan saman da ke sauka a shekara yakan tsaya tsakanin milimita 300 zuwa 400, cikin wata uku ko ƙasa da haka. Abincin gida kuwa gero ne da safe, gero da rana, gero da dare: kunu, hura, tuwo. Gero abinci ne na ƙwarai. Yana riƙe ciki, kuma a sinadarin gina jiki ya bar dankali nesa ba kusa ba. Sai dai akwai abin da kusan babu shi a cikinsa, wato bitamin A.

Ƙarancin bitamin A ba baƙon ciwo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan likita aka raɗa wa alamarsa suna: dundumi. Yaro ko mace mai ciki su yini lafiya lau, da magariba ta yi sai a ga suna lalube, suna tuntuɓe da ƙwarya a tsakar gida. Tsofaffi sun san magani, su ce a nemo hanta a gasa a ba shi. Ilimin zamani ya gaskata su, domin a hanta ne dabba da ɗan Adam ke tara bitamin A. Amma dundumi ɗan aike ne kawai. Kafin ido ya nuna, garkuwar jiki ta riga ta yi rauni, har ƙyanda da zawo, waɗanda yaro mai ƙoshin lafiya kan tsallake, su zama ajalin wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa a duniya saboda wannan rashi, kuma rabinsu ba sa cika shekara guda da rai bayan idon ya tafi.

Nijar ba ta naɗe hannu ba. Tun 1997 aka haɗa rabon bitamin A da rigakafin shan inna. Iyaye mata sun san ƴar ƙwayar nan mai mai a ciki, wadda ake yanke bakinta a matse wa yaro: shuɗiya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya cika shekara har zuwa biyar. Ta ceci rayuka masu yawa. Sai dai sau biyu take zuwa a shekara, kuma tana tsayawa in yaro ya kai shekara biyar. Ɗan makaranta, da budurwa, da mai shayarwa, daga tukunya za su samu nasu.

Dakoro ta san abin da ake nufi in tukunya ta gaza. A 2005, bayan fari da farin dango na 2004, garin na cikin wuraren da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, kuma a wannan shekara kaɗai ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a faɗin ƙasa. Binciken abinci na ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon shekarunsu ba, a jihar Maraɗi kuma abin ya haura rabi. Duk maganar da za a yi kan abin da ke cikin dankali, waɗannan yaran ake nufi.

Me ke cikin gwangwanin?

Dabarar adana abinci a rufe ta Bafaranshe ce, Nikola Aper, wanda ya bayyana ta a 1810 da kwalabe. A wannan shekarar wani Bature a Ingila, Pita Durand, ya yi rajistar yin haka da gwangwanin ƙarfe. Sirrin bai canza ba har yau: a rufe abinci yadda iska ba za ta shiga ba, sannan a dafa shi a rufen har ƙwayoyin cuta su mutu.

A masana'antun jihohin kudancin Amurka, irin Luwiziyana da Karolina ta Arewa, ana wanke dankali, a cire ɓawonsa, a yanka, a cika gwangwani. Wani a zuba masa ruwan sukari mai kauri, wani a niƙa shi ya zama kamar fate, wani kuma a zuƙe iskar kawai a rufe ba ruwa sosai. Daga nan sai babbar tukunyar tururi mai matsi, inda zafi ke kaiwa digiri 116 zuwa 121. Mutanen can sukan kira shi da sunan doya, har a rubuta haka a jikin gwangwani, alhali dankali ne tsantsa.

Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun ba mu damar auna abin da wuta ta ci da abin da ta bari. Ɗanyen dankali mai ruwan goro, giram 100, wato kamar ƙaramin guda ɗaya, yana da kalori 86. Fiye da kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Yana da giram 20 na abinci mai ba da kuzari, giram 3 na zaren nan mai gyara aikin hanji, sinadarin gina jiki bai kai giram 2 ba, mai kuwa kusan babu. Bitamin A ɗinsa ya kai mikrogiram 700, sinadarin fotasiyam mai taimakon zuciya da jijiyoyi kuma miligiram 337.

In ya shiga gwangwani, bitamin A ɗin kan sauka zuwa tsakanin mikrogiram 400 da 460. An yi asara, amma abin da ya rage ba kaɗan ba ne, domin yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 mikrogiram 300 zuwa 400 yake bukata a yini. Ma'ana, cikin ludayi guda na dankalin da ya shekara a rufe ya isa ya biya wa yaro bukatarsa ta ranar. Dalili shi ne sinadarin beta-karotin, wanda ke ba dankalin launinsa kuma jiki ke juya shi zuwa bitamin A, ba ya narkewa a ruwa, kuma yana jure zafi daidai gwargwado. Manyan abokan gabarsa iska ce da haske, gwangwani kuwa ya toshe musu ƙofa. Dahuwar ma tana sassauta naman dankalin, hanji ya fi samun sauƙin tsotse sinadarin.

Waɗanda ke narkewa a ruwa su ne suka fi shan wuya. Fotasiyam na tsiyayewa cikin ruwan sukarin, har in an tace an zubar sai ya rage ƙasa da miligiram 200, alhali a wanda aka rufe ba ruwa yana nan sama da 300. Bitamin C da wasu daga dangin bitamin B su ma zafi na rage su. Ruwan sukarin kuma yana ƙara abin da ba a nema ba: kalori ya tashi daga 86 zuwa 108, kuma ƙarin na sukari ne. Ga mai ciwon sukari wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda irin wannan gwangwani ya faɗo hannunsa, a Yamai ko a Kano ko a ƙasar waje, ya fifita wanda ba a sa wa sukari ba. In mai sukarin ya samu, ya tsiyaye ruwan ya ɗauraye.

Inda gwangwani ya gaza

Mai karatu zai iya cewa, to a yi odarsa mana a raba. Lissafin ba zai fita ba. Abin da za a ɗauko daga bayan teku yawancinsa ruwa ne da ƙarfe. Sai ya sauka a tashar jirgin ruwa, ya hau babbar mota ya ci fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga Maraɗi, sannan a sake lodi zuwa Dakoro. Tun daga rufe iyakokin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowane magidanci ya ga yadda kayan da ke bin hanyar Kwatano ke iya yankewa dare ɗaya, farashi ya yi tsalle. Gidan da ke auna gero tiya-tiya a watan Yuli ba zai jingina lafiyar ɗansa da abin da ke jiran a buɗe gada ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma haɗarin da ya wajaba a faɗa, don kada wata ta ji labarin nan ta ce za ta dafa dankali ta ɗura a kwalba ta toshe. Dankali ba shi da tsami. A abinci irin wannan, in an rufe shi ba iska, wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa tana iya farfaɗowa ta zuba dafin da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Ruwan tukunyar gida a digiri 100 yake tafasa, bai isa ya kashe ta ba, sai tukunya mai matsi. Wannan ne ma ya sa duk gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa har ya huje, ko ya loɓe a bakin murfi, na kifi ne ko na wake, ba a ɗanɗana shi, jefarwa ake yi.

Sannan dankali, na gwangwani ko na garka, ba maganin tamowa ba ne. Yaron da ya rame har awon dantse ya nuna ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, wurinsa likita. Ƙunshin gyaɗar nan da ake ba su, mai giram 92, kalori 500 ne a dunƙule, da madara da mai da sinadarai a auna. Sai yaro ya ci fiye da rabin kilo na dankali kafin ya samu wannan kuzarin, kuma ko ya ci bai samu abin gina jiki ba. Aikin dankali yana gaba da wannan mataki, a hana yaro kaiwa can.

Launin da ya ci lambar yabo

Asalin dankali nahiyar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, jiragen ruwan Turawa suka yaɗa shi a duniya. Yau Sin ce ke noma fiye da rabin na duniya, a Afirka kuma Malawi da Tanzaniya da Najeriya ne a gaba. A Nijar an san Bengu ta ƙasar Gaya da Balleyara da nomansa, haka fadamun kudancin Maraɗi da na Damagaram. Amma irin da ya bazu a Afirka ta Yamma farin ciki gare shi, kuma fari kusan ba shi da beta-karotin. Ɓawo ba ya faɗin gaskiya a nan: dankali na iya zama ja a waje, fari a ciki. Sai an karya ake sani, kuma iya turuwar launin, iya yawan sinadarin.

Masana a Cibiyar Dankali ta Duniya, mai hedikwata a Lima ta ƙasar Peru, sun yi shekaru suna tambayar ko canza iri kawai zai canza jinin yara. A Afirka ta Kudu, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya ba ƴan firamare giram 125 na dafaffen dankali mai ruwan goro a ranakun makaranta 53, aka tarar ajiyar bitamin A a hantarsu ta ƙaru in an gwada da waɗanda suka ci fari. A lardin Zambeziya na Mozambik, bayan shekara biyu ana raba iri ana koya wa iyaye mata, yaran da ke da ƙarancin bitamin A a jini sun ragu daga kashi 60 cikin 100 zuwa 38 a gidajen da aikin ya shafa. A 2016 aka ba mutum huɗu Lambar Abinci ta Duniya kan wannan fage: Mariya Andrade ƴar Kef Bad, Robat Mwanga ɗan Yuganda, Jan Lo ƴar Amurka, da Hawas Buwis.

Irin mai ruwan goro ya riga ya iso maƙwabta. A Najeriya, cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar da iri mai suna King J a 2012, Mother's Delight a 2013, da Solo Gold a 2018. Gana na da nata mai suna Apomuden, Burkina Faso ma ta fitar da nata, jihar Osun kuma ta sa faten wannan dankali a abincin ƴan makaranta. Ƙorafin da manya ke yi gaskiya ne: wasu irin suna da ruwa-ruwa, ba su da garin nan da bakinmu ya saba da shi. Masu binciken sun ji, shi ya sa irin baya-bayan nan suka fi gari. Yara kuwa, waɗanda don su ake yi, zaƙin da laushin ne ma ke jan su.

Ƙasa mai ƙishi

Dole a faɗi gaskiya kan Dakoro: dankali ya fi son ruwan da ya kai milimita 750 zuwa sama, ninki biyu na abin da gundumar ke samu. Ba zai kori gero daga jigawa ba, kuma bai kamata a nemi haka ba. Rijiyoyi da yawa a nan zurfinsu ya wuce mita 50, ruwan sha ma sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiya. Shi ya sa akasarin dankalin da ke kasuwa daga kudu motoci ke kawo shi.

Wannan ya nuna inda aikin zai fara. Mataki na farko a garkunan Gulbin Maraɗi yake, a Madarumfa da Jiratawa, inda noman rani ya kafu. In manomin can ya ware ko kunya goma ya dasa mai ruwan goro, buhun da zai sauka a Dakoro ya canza ba tare da mai saye ya ƙara tafiya ko taku ɗaya ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da reshe a Tarna kusa da Maraɗi, ga kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Gwada irin da zai jure zafinmu da ƙasarmu, da yaɗa shi, aikinsu ne, kuma jama'a na da haƙƙin su tambaya.

Mataki na biyu a cikin gundumar yake: bakin tafkunan da ke riƙe ruwa bayan damina, garkunan mata da ke kusa da famfo mai aiki da hasken rana, ƙasar kwari ta wajen Gulbin Kaba. Dankali na nuna cikin wata uku zuwa biyar. Ko a tsakar gida, buhu cike da ƙasa da taki, ana zuba masa ruwan alwala da na wankin hatsi, zai ba da ganye da ƴan saiwoyi. Ganyen kansa abinci ne. A dafa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli kamar zogale ko tafasa, yana da bitamin A da sinadarin ƙara jini.

Babbar matsalar mai noman dankali a ƙasa mai dogon rani ita ce iri. Ba ƙwaya ake shukawa ba, yaɗon ake yanka a dasa, yaɗo kuwa ba ya kai wata takwas ba ruwa, ga awaki na jiransa. Masu bincike a Yuganda da Tanzaniya sun fito da dabarar da ta yi daidai da mu, har ta kai arewacin Gana da Burkina. Lokacin haƙa, a zaɓi ƙananan dankali masu lafiya, marasa rauni da huda. A shimfiɗa takarda a roba ko tsohon daro, a zuba busasshen yashi mai sanyi, a jera dankalin kada su taɓa juna, a rufe da yashi, a ajiye a inuwar ɗaki. Duk wata a tono a duba, a cire wanda ya ruɓe. Saura mako shida zuwa takwas ruwa ya sauka, a dasa su a ɗan fili mai shinge a riƙa ba su ruwa. Kowane guda zai fitar da yaɗon da za a yanka sau da yawa. Yashi kuwa, in akwai abin da Dakoro ba ta roƙo, shi ne.

Ajiya ba tare da ƙarfe ba

Dankali na cika kasuwa da sanyi, ya yi araha, sannan ya ɓace daidai lokacin da rumbu ya fara ƙara in an buga. Gwangwani ya koya mana cewa ana iya tsallakar da shi, in an kare shi daga iska da haske da ƙwari.

Ajiya tana farawa tun daga gona. Dankalin da fartanya ta sara, ko aka jefa shi cikin buhu da ƙarfi, ya riga ya kama hanyar ruɓa. In aka bar sabon haƙa ƴan kwanaki a wuri mai ɗumi da laima, a lulluɓe, fatarsa kan yi kauri, ƙananan raunuka su warke. Wanda ƙwaron dankali ya huda, mai ɗaci da wari, a ware shi tun da wuri kada ya shafi sauran. Yashin da ke adana iri yana adana na ci ma, har tsawon wasu watanni in wurin na da sanyi.

Sai shanya. A ƙasar Filato ta Najeriya ana dafa dankali a yanka a busar, suna kiransa kambar. A Yuganda da Tanzaniya ma suna da nasu busasshen. Rana ba ta yi mana rowa, kuma matan da suka iya shanya kuɓewa da tumatir ba sai an koya musu yanka ba. Sai dai binciken da aka yi a Yuganda ya bar mana gargaɗi: shanyar kanta ba ta cin beta-karotin sosai, kimanin kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka, amma in busasshen ya yi wata huɗu a buhu a ɗaki, kusan kashi 70 na tafiya. Iska ce ke sace shi a hankali, launin yana koɗewa. Don haka busasshen mai ruwan goro a rufe shi ruf a mazubi marar huda, a wuri mai duhu, a cinye shi cikin wata ɗaya zuwa biyu. In ya koma fari-fari, ya rage abinci mai ƙosarwa, amma maganin ya fita.

Akwai kuma hanyar da ke tsakanin gida da masana'anta. A Kenya da Ruwanda ana turara dankalin a niƙa shi, masu gidan burodi su maye wani kaso na fulawa da shi, burodi ya fito da launin zinariya. Ƙasar da ke sayo alkama daga waje tana da riba biyu a nan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu a Afirka, sun saba haɗa kuɗi su juya. Fanke da cincin da masa masu ruwan goro sana'a ce da asusunsu zai iya ɗauka, a niƙa da safe a soya a sayar a ranar.

Daga kasko zuwa hanta

A tukunya, ƙa'idojin kaɗan ne. A wanke dankali a dafa shi da ɓawonsa, a rufe tukunya, kada a bar shi ya narke. Dafaffe yana riƙe mafi yawan beta-karotin ɗinsa. Kada a ba yaro shi gaya: sinadarin sai da maiƙo yake shiga jiki, don haka a sa ɗan man gyaɗa, ko man shanu, ko tunkuza. Ga jaririn da ya cika wata shida, a murje dafaffen a dama cikin kunun gero, a ƙara garin wake ko na gyaɗa, a ci gaba da ba shi nono. Gero ya kawo ƙarfi, wake ya kawo abin gina jiki, dankali ya kawo abin da su biyun suka rasa. Ba shi kaɗai ne mai wannan aiki ba. Mangwaro a bazara, ganye a damina, kabewa a kaka, karas a lokacin sanyi, hanta da ƙwai da nono in hali ya yi, da man girkin da aka ƙara wa bitamin A, duk hannu ɗaya suke. Fifikon dankali shi ne yaro ba ya gudunsa, kuma ƙaramin guda ya isa.

Tsofaffin da ke gasa wa mai dundumi hanta sun riƙe bakin zaren tun tuni. Bitamin A ba kamar bitamin C ba ne da jiki ke zubar da rararsa kullum. Hanta na tara shi, ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan har tsawon watanni. Yaron da ya ci dankali mai ruwan goro sau uku, huɗu a mako tun daga Nuwamba har Fabrairu, zai shiga bazara da guzuri a jikinsa. Allah ya riga ya ajiye ma'aji a cikin kowane yaro, wanda ba ya tsatsa, ba ya jiran mota daga bakin teku. Abin da ya rage mana shi ne mu zuba masa abin ajiyewa a lokacin da abin ke da araha. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mai tuyar bakin tasha ba ta bukatar sabon kasko, ko sabon murhu, ko wani horo mai tsawo. Man da take suya da shi ma taimako ne. Yaron nan zai zo da dala ashirin ɗinsa kamar kullum, ya ce a sa masa yaji. Abin da ake nema daga manomin Jiratawa, da ɗan kasuwar da ke lodi a Maraɗi, da masanin Tarna, da malamar likita mai awon yara, shi ne ranar da zai karya tsagin nan ya ga ruwan goro a ciki.